Kifin-Kwaɗo: Ƙoshi Ne Ke Kashe Shi, Ba Yunwa Ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu kiwon kifin ado a tankin gilashi na ruwan gishiri game da kifin-kwaɗo, wanda Turawa ke kira frogfish, domin ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi halaka shi a hannun masu kiwo shi ne yawan ciyarwa.

Wannan kifi, ɗan dangin Antennariidae, maharbi ne mai kwanton ɓauna. Yakan lafe a jikin dutse kamar soso, yana kaɗa wata 'yar fatsa da ke goshinsa mai kama da tana ko jatan lande, idan ƙaramin kifi ya matso sai ya zuƙe shi cikin kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa, ido bai ko gani ba. Ba ya yawan iyo. Da fikafikansa yake takawa a ƙasa. Halittar da ba ta motsi haka ba ta narka abinci da sauri, amma kuma ba ta san ta ƙi abin da aka miƙa mata ba.

Na farko da na kiwata, ni na kashe shi da hannuna. Kullum na matso sai ya ɗaga fatsarsa, ni kuwa in ɗauka yunwa ce, in ba shi. Ran nan na jefa masa kifin da ya kusa kai tsawonsa, ya haɗiye, wutsiyar tana leƙowa daga bakinsa. Bayan kwana biyu cikinsa ya kumbura, ya taso saman ruwa yana juyawa, abincin ya ruɓe a cikinsa kafin ya narke. Wanda nake da shi yanzu sau biyu a mako yake ci, kuma ba na ba shi abin da ya wuce rabin tsawon jikinsa.

A guji ƙananan kifayen ruwan daɗi, musamman jajayen nan na ado da Turawa ke kira goldfish, saboda kitsensu bai dace da shi ba. Abin teku ya fi. Da fari mai rai kawai zai karɓa, amma da haƙuri ana saba masa da daskararren jatan lande da aka narkar, a soke a siririn tsinke marar launi a riƙa wasa da shi a gabansa. Nawa sai da ya yi makonni yana kallon tsinken kamar bai san da shi ba.

A bar shi shi kaɗai, don ko ɗan'uwansa ba ya ƙyalewa. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyos, nauyin ruwan gishirin kuwa, in an kwatanta shi da na zallan ruwa, ya zama 1.020 zuwa 1.025, a kuma riƙa sauya wani kaso na ruwan a kai a kai, tunda kashinsa na da yawa.

Sai batun ɗauka. Kada a ciro shi da raga zuwa sarari, domin yakan haɗiyi iska ya kasa nutsewa. A tura shi cikin kwano a ƙarƙashin ruwa, a ɗago shi da ruwansa.

Na gode.

Naka,
Wani mai kiwon kifin ado