Zuwa ga 'yata, kafin a yanka rigar biki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin koma makaranta lafiya, na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar da muka je wurin tela. Ban yi miki ita a gida ba domin mahaifinki da ƙannenki suna nan, kuma ba magana ce ta tsakar gida ba. Na ji lokacin da kika sassauta murya kika ce wa telar ta rage inci uku daga awon da ta ɗauka na rigar kamu, wai kafin biki za ki shiga. Na kuma lura cewa a kwana taran da kika yi tare da mu, juya tuwon dare kawai kike yi da cokali, sannan ki tashi ki haɗa ruwan zafi da lemon tsami. Robar man sauya launin fatar nan marar suna da ke cikin jakarki ma na gan ta sa'ad da nake neman ɗankunnen da kika ara.

A daren da za ki tafi kin zauna kusa da ni kina nuna mini hotunan da kika tara a waya, na matan sarakunan Turai da taurarin tsofaffin finafinan Amurka, kina yaba ɗinkinsu da sirantar ƙugunsu. Ban ga laifinki ba, domin ɗinkin ya isa a yaba masa, kuma hadisi ya inganta cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Sai dai shekarun da na yi ina koyar da tarihi sun sa na san abin da ke bayan wasu daga cikin hotunan nan, kuma na ga kallon kitse kike yi wa rogo.

Wadda kika fi daɗewa a kan hotonta, mai taurarin lu'ulu'u a gashi, ita ce Elisabeth, matar Sarki Franz Joseph na Ostiriya, wadda ake kira Sisi. An yi mata aure a 1854 tana da shekara 16, aka kai ta fadar Biyena inda komai yake da ƙa'ida, daga yadda za ta zauna har zuwa wanda zai yi mata magana. Da ta fara haihuwa, uwar mijinta ce ta karɓe renon 'ya'yan, ta kuma zaɓa wa ta farin suna, kuma yarinyar nan ta rasu tana da shekara biyu. Matar da ba ta da iko da 'ya'yanta, ba ta da iko da lokacinta, sai ta juya ga abu guda da ya rage a hannunta, wato jikinta, ta mulke shi da tsananin da ba a mulkar bawa da shi. Tsawonta santimita 172 ne, amma ta tsare nauyinta a wajen kilo 50 kusan dukan rayuwarta, tana hawa sikeli a kai a kai, tana kwanaki ba ta cin abincin kirki, ana ɗaure mata ƙugu da rigar matsi har ya dawo wajen santimita 50. Ki ɗauki tef ɗin awo ki naɗe shi a kan hamsin, ki dubi ƙanƙantar da'irar, sannan ki tuna cewa macen da ta haifi 'ya'ya huɗu ce take numfashi a ciki.

Gashin da kika yaba, wanda ya sauko mata har kusan idon sawu, gyaransa yakan ci wajen awa uku kowace rana, ranar wankinsa kuwa yini guda ake ɓatawa. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Tun tana da shekara talatin da 'yan kai ta daina yarda a ɗauke ta hoto, domin kada duniya ta ga fuskar da ta fara sauyawa, kuma idan ta fita sai ta kare fuskarta da mafici ko lema. Ta rayu har shekara 60, ke nan kusan rabin rayuwarta ta yi shi tana ɓuya daga idon mutanen da suka ɗora mata sunan wadda ta fi kowa kyau. A 1898 wani mutum ya soke ta da tsinin ƙarfe a birnin Janeba, ta tashi ta taka da ƙafarta har cikin jirgin ruwa ba ta san girman raunin ba, saboda matsin rigar ya tare jinin, sai da ta faɗi aka kwance ɗaurin sannan aka ga abin da ya faru. Ba ina ce miki rigar ce ta kashe ta ba; ajali ne, kuma mugun mutum ne sanadi. Ina so ne ki ga cewa tana da shekara sittin, da jikoki, ba ta samu hutun da kakarki ta samu na sakin jiki a cikin zane ba.

A wajen 'yan fim ɗin Holiwud kuwa, abin ya fi fitowa fili, domin can kamfani ne yake mallakar fuskar da takardar yarjejeniya. Rita Hayworth, mai jan gashin nan da kika ce ba ki taɓa ganin irinsa ba, sunanta na asali Margarita Cansino, mahaifinta ɗan Sifaniya ne, gashinta kuma baƙi ne. An sauya mata suna, an rina gashin, an bi gashin goshinta da allurar lantarki ana kashe shi tushe bayan tushe don goshin ya ƙara faɗi, duk don kada a ga asalinta a fuskarta. Judy Garland kuwa shekararta 13 kamfanin MGM ya ɗauke ta a 1935, aka sa ido a kan farantinta, kuma da bakinta ta faɗa daga baya cewa ana ba su ƙwayoyin hana barci don su jure aiki, a kuma ba su na sa barci idan an tashi. Ba ta rabu da ƙwaya ba har ta rasu a Landan a 1969, tana da shekara 47. Yarinya ce da Allah ya ba muryar da ba a samun irinta, amma manyan da ke kewaye da ita ƙibarta suke aunawa.

Gimbiya Diana ta Birtaniya kin san labarinta fiye da sauran, don haka ba zan tsawaita ba. An ɗaura mata aure a 1981 tana da shekara 20, kuma masu ɗinka rigar auren sai da suka yi ta rage ta saboda yadda amaryar take zubewa kafin ranar. Duniya ta ga siririyar amarya ta yi tafi. Sai a 1995 ta bayyana a hirar talabijin cewa ta yi shekaru tana fama da ciwon nan na cin abinci a kuma tilasta wa kai amayar da shi. Wannan ne ya faɗo mini a rai a shagon tela, kuma shi ya sa jikina ya yi sanyi da na ji kin ce a rage inci uku.

Akwai kuma Audrey Hepburn, wadda kika ce ita ce ma'aunin kyau a wurinki. Ta yi ƙuruciyarta a Holan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta ga yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 da ta kashe dubban mutane, ta fito da ƙarancin jini da jiki mai rauni. Matan duniya sun yi ta hana kansu abinci don su yi kama da wadda yunwa ta taɓa ba da son ranta ba. Ni hotonta da na fi so ba ya cikin waɗanda kika tara: shi ne wanda aka ɗauka a Somaliya a 1992, lokacin tana jakadiyar UNICEF, fuskarta duk layin shekaru, tana rungume da yaron da yunwa ta cinye, watanni kaɗan kafin rasuwarta. Ki nemo shi ki ajiye kusa da sauran.

Abin da ya haɗa matan nan shi ne an yabi kyansu har ya zama bashi a kansu, masu binsu bashin kuma jama'a ne waɗanda ba su taɓa cewa an biya su. Ke ba fada za ki shiga ba, ba kuma kamfani ne ya ɗauke ki ba, amma wayar hannunki ta tara miki 'yan kallo irin waɗanda a da sai gimbiya take da su, kuma na san ranar biki kowace mace da waya a hannu za ta zo. Ki lura da yadda bakin mutane yake juyawa. A zamaninmu amarya ramammiya ita ake yi wa gori, ana ɗura mata kunu da madara don ta ciko, har yau kuma akwai masu shan maganin ƙiba a unguwar da wasu suke shan na rama.

Maganar man shafawar ita ce ta fi damuna. Akwai wata 'yar uwarmu, ba sai na ambaci sunanta ba, da ta fara da roba ɗaya irin taki kafin aurenta. Na zauna da ita a asibiti bayan an yi mata aikin haihuwa, na ga yadda ɗinkin ya ƙi kamawa saboda fatar ta yi laushi kamar takardar da ta jiƙe, ga gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, ga kumatunta sun ƙone da rana. Wasu mayukan nan suna ɗauke da sinadarin zaiba (mercury) mai lahanta ƙoda, wasu kuma da maganin kumburin fata wanda yake sirantar da ita idan aka daɗe ana shafawa, kuma robar da ba ta da suna ba wanda ya san abin da aka dama a cikinta sai wadda ta dama. Kalar fatarki irin ta mahaifiyata ce, kuma a haka wanda zai aure ki ya gan ki ya aiko da magabatansa.

Ban hana ki kwalliya ba, kuma ba zan bari a kai ki ɗakin miji ba gyara ba. Na riga na yi magana da mai dilka da halawa, na sayi turaren wuta da humra, mai lalle ma ta ba mu rana. Ita kuwa telar, na koma wurinta jiya na ce kada ta sa almakashi a leshin sai kin dawo, kuma a kan awon da ta ɗauka ranar nan za ta yanka, har da ɗan sarari da za ki iya durƙusawa ki gaida iyaye, ki ci abinci, ki yi sallah ba tare da an kwance miki zip ba. Idan kina da ja a kan wannan, ki kira ni da dare bayan isha mu yi magana mu biyu.

Yayanki zai biyo ta wajenku ranar Asabar da dambun nama da garin kunun gyaɗa. Ki ba shi robar man nan a cikin leda ya kawo mini, zan kai wa likitan fata ya duba, kuma idan kin riga kin daɗe kina shafawa ki faɗa mini gaskiyar tun yaushe, domin likitan zai tambaya. Mahaifinki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya kai mu ranar lafiya.

Ni ce,
Mahaifiyarki.