Sau nawa za a gyara kafin a musanya?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar, wanda ya yi magana a kan kula da kwamfuta, ya ɓata mini rai, kuma sai da na kwana biyu ina danne abin kafin na ce bari dai in rubuto. Sau uku yana maimaita cewa kwamfutocin da ke lalacewa a ƙasar nan masu su ne ke kashe su da hannunsu: wai muna ɗora su a kan katifa, wai muna jona su da ɗan ƙaramin janareto babu sitabilaiza, wai ba ma kakkaɓe musu ƙura. Da aka zo rufe shiri sai ya ce mutum ya daure ya sayi sabuwa dal mai garanti, ya je ya kwanta ya yi barcinsa. Mai gabatarwa ya ce madalla, aka sako talla. To ni ne mutumin da ya bi wannan shawara tun kafin a bayar da ita, kuma yau wata 14 ke nan rabona da barcin da yake faɗa.

Ina da ɗan shago a Samaru, Zariya. Buga wa ɗalibai takardun kammala karatu nake yi, da katin ɗaurin aure, da kalanda idan Sallah ta ƙarato. Shekara shida na yi da wata tsohuwar laftof tokumbo da na saya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ta sha ƙurar hunturu shida, ta sha wutar janareto, ta taɓa faɗowa daga kan benci, ban taɓa canja mata komai ba sai batir da caja. Da ta tsufa ta fara nauyi, sai na ce wannan karon ba zan sayi ragowar Bature ba. Na haɗa kuɗin adashi da na wani rago da na sayar, na je wurin dilan da ke da takardar wakilcin kamfani a manne a bango, na sayo sabuwa fil a kwali a watan Nuwamban 2023. Rasit yana nan, katin garantin shekara ɗaya yana nan, har lambar jikinta sai da muka shigar a shafin kamfanin kafin in bar kantin. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Mako na bakwai allon ya fara fitar da layuka kore daga sama har ƙasa. Na koma wurin dila, ya ce shi sayarwa yake yi, gyara na kamfani ne, cibiyarsu kuma tana Legas. Ni na biya kuɗin aikawa. Kwana 24 ta yi, ta dawo da sabon allo. Na ce ai kayan bature ma sukan zo da tangarɗa, na yi haƙuri.

Cikin azumi ta daina karɓar caji. Ka jona, ɗan hasken ya ƙifta sau biyu ya mutu. Legas kuma. Wannan karon suka ce bod ne, wato babban allon cikinta da komai ke manne a kai, za su yi odar wani daga waje. Kwana 37. Ta dawo bayan an gama shan ruwa an gama hawan Sallah, aikin kalandar da nake jira duk shekara ya wuce ni, maƙwabcina ya kwashe. A watan Yuli, tsakiyar damina, lokacin da ko ƙurar da za ka shafa a yatsa babu a garin nan, fankarta ta fara ƙara kamar injin markaɗe, ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakar aiki. Wata ɗaliba da na yi wa babi uku ta tsaya a ƙofar shago tana kuka saboda washegari za ta miƙa wa malaminta. Na kai ta shagon wani na biya daga aljihuna aka sake bugawa. Kwamfutar kuma ta sake tafiya Legas, kwana 31. Da ta dawo an gyara fanka, amma haruffa uku na madannai sun daina aiki, waɗanda da lafiyarsu ƙalau. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A watan Oktoba ta ƙi tashi gaba ɗaya, suka sake cewa bod ne, wanda su da kansu suka sa wata shida da suka wuce. Kwana 41.

Ka haɗa lissafin da kanka, Malam Edita: kwana 133 ke nan. A cikin shekarar garanti ɗaya, sama da wata huɗu kwamfutar tana kan kantar wasu a Legas ko tana cikin bayan mota tsakanin Zariya da can, ni kuma ina hayar ta wani yaro kullum don kada shago ya rufe. Kuma duk tsawon wannan lokaci agogon garantin bai tsaya ba. Ranar da ta dawo daga tafiya ta huɗu, shekarar ta riga ta cika. A watan Janairun 2025 ta sake mutuwa. Na rubuta musu, amsar da aka ba ni layi biyu ce: garantinka ya ƙare, ga kuɗin da za ka biya idan kana son a duba.

Tun daga gyara na biyu nake roƙon abu ɗaya, a musanya mini da wata. Na rubuta imel ya fi 20, kowanne da sabuwar lambar ƙorafi, kowanne da sabon mutum mai ladabi da ke ba ni haƙuri yana tambayata in sake bayani daga farko, in aiko hoton rasit ɗin da na riga na aika sau biyar. Ɗaya ya ce in cire batir in danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Batirin nan a cikin jikinta yake, idan na kwance ta kuma su ne za su ce na karya sharaɗin garanti. Wani ya ce ƙa'idarsu gyara ce, musanya sai idan an rasa kayan gyara. Na ce to ai kayan gyaran ne ke mutuwa. Ya ce zai miƙa maganar sama. Har yau ban san ina ne saman nan ba. Na koma wurin dila, ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit da ƙananan haruffa, cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Kamfani ya ce je ka wurin dila, dila ya ce je ka wurin kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ita ce tambayar da na zauna kusa da rediyo ina jiran a yi wa baƙonku, ba a yi ba: sau nawa za a gyara abu kafin a yarda cewa tun daga masana'anta ya zo da cutarsa? Sau biyu? Sau huɗu? Ko sai garanti ya ƙare a ce Allah ya kiyaye gaba? Minti 45 yana magana, ya koya mana yadda ake goge allo da tsumma mai laushi, amma bai ko ambaci cewa akwai doka a ƙasar nan a kan wannan ba.

Ni ma ban sani ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wani lauya da nake buga wa takardu ne ya ga ina ta tsaki ya tambaye ni, sannan ya buɗe mini Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya. A ciki an rubuta ƙarara cewa idan kaya suka nuna aibi cikin wata uku da karɓarsu, mai saye yana da damar mayar da su ga wanda ya sayar masa, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take, shi kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Ga wanda ya sayar masa, Malam Edita. Tawa mako bakwai kacal ta yi. Da na san wannan a ranar da layukan nan kore suka fito, da ban bar kantin dilan nan da kwamfuta a hammata ina neman motar Legas ba, da kuma ban biya ko sisi na aikawa ba. Hukumar ta sha faɗa cewa rubutun nan na "ba a dawo da kaya" ba ya soke haƙƙin mai saye idan kayan na da aibi. Masu sauraronku nawa ne suka san haka? Shirin da ya kamata ya gaya musu ya ɓige da maganar katifa.

Ƙanin matata yana karatu a Ingila, shi ya ƙara mini takaici. Ya ce a can, a ƙarƙashin dokarsu ta 2015, idan abu ya nuna aibi cikin kwana 30 kana iya mayarwa ka karɓi kuɗinka. Bayan nan kuma dama ɗaya tak ake ba mai sayarwa ya gyara ko ya musanya, idan abin ya sake lalacewa kana da ikon ka ce ka fasa. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa shekara biyu doka ta ɗora wa mai sayarwa, ko ya so ko ya ƙi. Kwamfutar iri ɗaya ce, masana'antar da ta ƙera ta ɗaya ce. Wanda ya saya a Landan gyara ɗaya zai jure, ni da na saya a nan na jure huɗu, aka kuma ce ƙura ce.

Kuma don Allah a daina nuna mana kamar manyan kamfanoni ba sa fitar da kaya masu aibi. A 2006 kamfanin Dell ya janye batiran laftof sama da miliyan huɗu, ƙirar Sony, saboda suna iya kamawa da wuta. Kamfanin Apple ya shafe shekaru tun daga 2015 yana sayar da MacBook masu wani irin madannai da ke maƙalewa, mutane suna kuka, sai a 2018 ya buɗe shirin gyara kyauta, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don a sasanta ƙarar da masu saye suka haɗu suka shigar a Amurka. Waɗanda aka yi ta canja wa madannan fiye da sau ɗaya su suka fi samun kaso mai tsoka. Tawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, kuma ba zan kama sunan kamfanin ba tunda maganar tana gaban hukuma yanzu, na shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet makon jiya. Abin da nake nufi shi ne waɗancan mutanen ma ai da farko cewa aka yi su ne ke zubar da ɓurɓushin biskit a kan madannai.

Wani abokina ya ce in nemi kuɗina kawai in huta. Wane kuɗi? Wata uku bayan na saye ta dala ta haura naira 1,500. Idan aka ƙirgo mini abin da na biya a Nuwamban 2023 aka damƙa mini yau, ko irin tokumbon da na raina ba lalle in samu mai kyau ba. Ni kwamfuta na biya, kwamfuta mai aiki nake so, sabuwa, da garantin da zai fara ƙirgawa daga ranar da ta shigo hannuna. Ba sadaka na roƙa ba.

Maganar ƙura kuwa, ai ba bana hunturu ya fara zuwa Zariya ba. Lokacin da suka buɗe wakilci suka manna takarda a bango suka karɓi kuɗinmu, sun san ba ƙasar ƙanƙara suka kawo kayan ba. Idan na'urarsu ba ta iya jure iskar Arewa, su rubuta a jikin kwali mu gani kafin mu saya. Sitabilaiza kuma ina da shi tun kafin baƙonku ya fara zuwa rediyo, har da ɗan teburin katako mai ramuka a ƙasa da wani kafinta ya yi mini don iska ta riƙa shiga.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Ranar Asabar ɗin na kira layinku sau 11, ko sau ɗaya bai shiga ba, amma mutum uku da na haddace muryoyinsu tun bara duk sun samu shiga, ɗaya ma gaisuwa kawai ya miƙa wa surukansa da 'yan majalisarsu ta bakin tasha. Sannan tallan maganin basir da sanyin mara sau huɗu a cikin shiri ɗaya, da ƙarar da ta ninka ta shirin, ina zaune da 'ya'yana mata muna karin kumallo. Ku dubi wannan don Allah. Ko a rage, ko a mayar da shi dare.

Abin da nake nema a wurinku bai da yawa. Ku dawo da baƙon nan, ku haɗa shi da wani jami'in FCCPC da lauya guda, ku buɗe layi ga waɗanda suka sayi sabon kaya suka sha irin wannan jeka-ka-dawo, masu firji da masu waya da masu injin sola duk za su kira. In kuna so in zo, zan zo da kuɗin motata. Zan taho da rasit, da takardun gyara huɗu, da imel ɗin duka a buge, da kwamfutar kanta a cikin kwalinta. Ya kwance ta a gabanku ya nuna mini ƙurar.

Naku,
Mai sauraro daga Samaru, Zariya.