Sanarwa: Tattaunawarmu ta Wannan Mako a Kan Farfesa Frances Arnold

Assalamu alaikum, ƴan uwa ɗalibai da malamanmu masu girma.

A wannan mako za mu tattauna rayuwar Farfesa Frances Arnold, malamar injiniyancin sinadarai a jami'ar Caltech ta Amurka. An haife ta a Pittsburgh a 1956, ta yi digirin farko a Princeton a 1979, sannan ta kammala digiri na uku a Berkeley a 1985.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ta ɓullo wa enzayim, wato furotin ɗin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai a jikin halittu. Maimakon ta tsara su daga tushe, sai ta riƙa jawo sauye-sauye barkatai a ƙwayar halittarsu, ta zaɓi waɗanda suka fi aiki, ta sake maimaitawa, kamar yadda manomi ke ware irin da ya fi yabanya don shukar baɗi. A 1993 ta nuna cewa hanyar tana aiki, kuma ita ce ta kai ta ga rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

Ina roƙon mu tsaya sosai a kan abin da ta yi a farkon 2020, lokacin da ta fito fili ta janye wata maƙalarta saboda an kasa maimaita sakamakon binciken. A ganina, masu rubuta kundin digiri a cikinmu sun fi kowa buƙatar wannan ɓangaren.

Duk mai tambaya ya turo ta kafin daren Juma'a, don Allah.