Kafin mu cika kogunanmu da kifin kandami, mu dubi abin da ya sami salmon

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani ra'ayi da nake yawan ji a bakin 'yan'uwana masu kiwon kifi, wato tunda kifi na ƙarewa a kogunanmu, a yi ta ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi ana zubawa a ruwa, shi ke nan. Niyyar mai kyau ce. Sai dai wasu sun riga mu bin wannan hanya da fiye da shekara ɗari, kuma abin da suka tarar ya isa ya sa mu taka sannu.

Salmon kifin ƙasashen sanyi ne. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, bayan shekaru ya juyo ya hauro har rafin da ya fito ya zuba ƙwai. Don haka kowane rafi da irinsa, wanda ya saba da sanyin ruwan wurin da lokacin cikarsa. A da, salmon miliyan 10 zuwa 16 ke shiga Kogin Kolumbiya na Amurka duk shekara. Da aka gina manyan madatsun ruwa irin su Grand Coulee, hanya ta toshe, aka ce wuraren ƙyanƙyasa za su cike gurbin. Yau mafi yawan salmon da ke komawa kogin na ƙyanƙyasa ne, kuma rukuni 13 na salmon da ɗan'uwansa steelhead a yankin suna jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne binciken da masana na Jami'ar Jihar Oregon suka yi a Kogin Hood, wani reshe na Kogin Kolumbiya. A 2007 sun nuna cewa duk zuriyar steelhead da ta taso a hannun mutum, ƙarfinta na hayayyafa a kogi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. A 2016 kuma suka gano cewa zuriya ɗaya tak ta isa ta sauya aikin ƙwayoyin gado sama da 700. Mai kiwo ba zai yi mamaki ba. A kandami, kifin da ke rayuwa shi ne mai jure cunkoso, mai rugowa saman ruwa da zarar ya ga inuwar mai watsa abinci. A kogi, wannan halin ne zai kai shi bakin tsuntsu. Kuma idan ya tsira ya haɗu da na daji, raunin ya shiga jinin 'ya'yansu.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani. Ruwa ya cika da kifin ƙyanƙyasa, masunta na kamawa da yawa, na daji yana tafiya a cikin kamun, kowa na ganin lafiya lau. A can teku ma ana zuba 'ya'yan salmon kusan biliyan 5 duk shekara a arewacin Tekun Fasifik, duk abinci ɗaya suke rububi da na daji.

Na san tarwaɗa ba salmon ba ce, amma gado gado ne. Mu duba yadda muke aiki: a yi wa uwa allura, a matse ƙwanta, a yanka namiji ɗaya ko biyu a haɗa, a samu dubban 'ya'ya daga iyaye ƙalilan. Daga cikinsu a sake zaɓen iyayen gaba. Wasu ma suna haɗa tarwaɗa da ramboshi don saurin girma. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun kwashe kandamai da dama, kifin ciki duk ya bi ruwa ya shiga kogi. Mu a Filato da muke alfahari da gonar kifi ta Panyam tun shekarun 1950, mu ya kamata mu fara tambaya: me irin wannan kifi yake yi wa na daji?

Ba na cewa a daina ƙyanƙyasa, da ita nake ciyar da iyalina, kuma kifin kiwo yana rage wa kogi nauyi. Kifin kasuwa ya tsaya a kandami, a kuma gina kandamin nesa da hanyar ambaliya. In har za a zuba kifi a kogi, a ɗebo iyaye masu yawa daga wannan kogin, a kuma yi musu alama, yadda Amurkawa ke yanke ƙaramin ƙegen bayan salmon don a gane na ƙyanƙyasa. Yankin Wales na Birtaniya ya yanke shawara a 2014 ya daina zuba salmon a kogunansa, ya karkata ga gyaran kogunan. Mu ma a nan aikin yake: a hana zuba guba a ruwa, a hana koma mai ƙananan idanu, a tare laka da wankin kuza ke turawa rafuka, a ba kifi hutu lokacin zuba ƙwai. Ina kira ga cibiyar binciken kifi ta New Bussa da ta fitar da ƙa'idar zuba kifi a ruwan daji cikin Hausa, yadda sarakunan ruwa da masu kandami za su karanta.

Wassalam,
Wani mai kiwon kifi,
Jos, Jihar Filato.