A Fito da Ƙa'idar Ƙidaya Kafin a Buɗe Zaɓen Waƙoƙin Shekara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na ƙarshen shekara, wanda masu sauraro ke zaɓen waƙoƙi ɗari da suka fi kwanta musu a rai, ku kuma ku jero su tun daga ta ɗari har zuwa ta ɗaya. An sanar da lambar da za a tura saƙo, an sanar da shafin intanet, har da ranar da za a rufe. Abin da ba a sanar ba shi ne yadda za a ƙidaya. A irin wannan zaɓe kuwa, hanyar ƙidaya tana iya sauya wanda zai zo na ɗaya ko da babu wanda ya taɓa ƙuri'a ko guda.

Ga misali, ranka ya daɗe. A ce kowane mai zaɓe an ba shi damar waƙoƙi 10. Waƙa ta farko mutum 300 suka zaɓe ta, dukkansu a sahun farko suka sa ta. Waƙa ta biyu mutum 600 suka zaɓe ta, amma kowa a mataki na bakwai ya ajiye ta. In kuna ƙidayar kowace ƙuri'a a matsayin ɗaya, ta biyu ta ci, 600 da 300. In kuwa maki kuke bayarwa, 10 ga sahun farko, 9 ga na biyu, har zuwa 1 ga na goma, to waƙar farko tana da maki 3,000, ɗayar kuma 2,400, sai sakamako ya juye. Duka hanyoyin biyu halal ne. Ƙidayar kai-da-kai tana fifita waƙar da kowa ya yarda da ita ko da ba ta haukata kowa ba, ƙidayar maki kuma tana fifita wadda wasu tsiraru suke mutuwar so. Ni dai ƙidayar kai-da-kai na fi goyon baya, domin mai zaɓe a waya ba ya tsayawa ya auna tsakanin ta shida da ta bakwai, yadda suka faɗo masa haka yake rubutawa, sai ku ɗora maki a kan jerin da ba shi da ma'ana. Amma ko wacce kuka ɗauka, a faɗe ta kafin a buɗe. In aka bari sai alƙaluma sun shigo sannan aka zauna zaɓen hanya, to wanda ya zaɓi hanyar shi ya zaɓi gwani.

Yawan waƙoƙin da ake ba kowa ma ba ƙaramin abu ba ne. Tashoshin da suka daɗe a harkar kowacce da nata ma'auni. John Peel na BBC Radio 1, da ya fara Festive Fifty, zaɓen waƙoƙi hamsin na ƙarshen shekara, a 1976, uku yake karɓa daga kowane mai sauraro a zamaninsa. Classic FM ta Birtaniya, wadda take jera 300 duk shekara tun 1996, ita ma uku ce. Triple J ta Ostareliya ta shafe shekaru tana ba da goma a Hottest 100, zaɓenta na waƙoƙi ɗari. Top 2000, zaɓen waƙoƙi dubu biyu na gidan NPO Radio 2 a Holan, da aka fara a 1999, yana barin mutum ya kai 35, kuma ba ya karɓar ƙasa da biyar. Dalilin bambancin a fili yake: gwargwadon tsawon jerin, gwargwadon ƙuri'un da ake buƙata don a cike wutsiyarsa. In kuka ba kowa ƙuri'a ɗaya tak a jerin ɗari, goman farko za su kwashe kusan komai, daga ta sittin zuwa ƙasa kuma sai ku tarar da waƙoƙi suna kunnen doki da ƙuri'u ƙalilan, har dangin mawaƙi ɗaya su isa su shigar da shi. Ga jerin ɗari, goma ta yi daidai, da sharaɗin kada a karɓi takardar zaɓen da ba ta kai waƙoƙi uku ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana wahalar da masu turo waƙa ɗaya sau dubu, domin dole su cike sauran guraben, kuma a wajen cikewar ne asirinsu ke tonuwa.

Sai batun wace waƙa ce ta shekara. A rubuta ranar farko da ranar ƙarshe, kuma a faɗi abin da ake nufi da fitowa: ranar da aka fara sakin waƙar ga jama'a, ko a intanet ko a rediyo, ba ranar da bidiyonta ya fito ba, ba kuma ranar da aka sake cusa ta cikin kundi ba. Triple J tana lissafi daga 1 ga Disamba zuwa 30 ga Nuwamba, kuma akwai hikima a ciki, don waƙar da ta fito mako biyu kafin a rufe zaɓe ba ta samu lokacin shiga kunne ba, gara ta jira baɗi. Kada kuma a yarda a gauraya da tsofaffi. Triple J ɗin da kanta da zaɓen waƙoƙin kowane zamani ta fara a 1989, sai waƙa ɗaya ta ci 1989 ta sake cin 1990, daga 1993 aka koma waƙoƙin shekara kawai. A Holan, inda har yau ba a ƙayyade zamani ba, waƙar ƙungiyar Queen ce ke zuwa ta ɗaya a mafi yawan shekaru. Su sun mai da hakan al'ada suna jin daɗinta, amma wannan wani shiri ne daban da naku.

Inda aka fi yin asarar ƙuri'u ba a wajen 'yan maguɗi ba ne, a wajen rubuta suna ne. Mai turo saƙon tes ba ya rubuta sunan waƙa yadda yake a faifai. Wani zai rubuta amshinta, wani layin farko, wani sunan mawaƙin kawai, wani ya jingina ta ga baƙon mawaƙin da ya yi baiti ɗaya a ciki, ga kuskuren harafi iri-iri. Kwamfuta kuwa kowane salon rubutu waƙa daban take ɗaukarsa, sai a wayi gari waƙa ɗaya ta rabu gida shida, kowane gida ya faɗi ƙasa. Maganin shi ne a ba kowace waƙa lamba. A wallafa jerin duk waƙoƙin da suka cancanta, kowacce da lambarta mai alƙalami uku ko huɗu, mai saƙon tes ya turo lambobi kawai. Waƙar da ba ta cikin jerin a bar gurbin da za a rubuta ta da hannu, a kuma sa mutum biyu su riƙa tace waɗannan kullum da yamma, kada a tara su sai daren ƙarshe. Duk hukuncin da suka yanke, cewa wannan rubutu wannan waƙa yake nufi, a rubuta shi a takarda ɗaya domin a bi shi daidai gobe. Haka nan a yanke tun yanzu ko waƙar asali da rimis ɗinta, wato wadda aka sake wa kiɗa, da wadda aka ɗauka a dandali abu ɗaya ne ko uku. Ra'ayina a haɗa su wuri ɗaya in mawaƙi ɗaya ne kuma a shekara ɗaya suka fito, a sa wadda ta fi ƙuri'a a iska. In wani ne ya sake rera ta, tasa daban.

Wani abin kuma kada ku gyara shi, ku dai bayyana shi. Mawaƙin da ya fitar da kundi mai waƙoƙi biyar masu zafi, masoyansa za su rarrabu, ya shigar da biyar ɗin cikin ɗari amma ya rasa ta ɗaya, wanda ya yi waƙa ɗaya tal duk shekara ya ɗauke. Za a yi ƙorafi. Amsar ita ce waƙa ake zaɓa, ba mawaƙi ba. In kuna so ku kwantar da hankali, ku sanar a gefe da wanda jimillar ƙuri'unsa ta fi ta kowa.

A shafin intanet ɗin, kada a jera waƙoƙi bisa haruffa a bar su haka. Mutane suna gajiya da gangarawa, waƙoƙin da ke sama su ci banza. A sa gurbin nema, a kuma sa jerin ya riƙa hautsinuwa ga kowane mai shigowa.

Yanzu ga aringizo. Tabbatar da mai zaɓe da adireshin imel kaɗai aikin banza ne, domin a Gmail ɗigon da ke cikin suna ba ya sauya akwati, haka ma abin da aka ƙara bayan alamar tarawa, mutum ɗaya zai iya fitar da adireshi hamsin daga akwati guda. Lambar waya ta fi, a tura mata lambar sirri ta tes, layi ɗaya takarda ɗaya. Wanda ya sake turowa, a ɗauki ta ƙarshe a zubar da ta farko, kuma a haɗa rumbun tes da na intanet wuri guda, in ba haka ba kowa zai yi sau biyu. Kada a toshe mutane don kawai adireshin intanet ɗinsu, wato lambar IP da na'urarsu ke hawa intanet da ita, ɗaya ne, kamfanonin waya suna ɗora dubban kwastomomi a kan adireshi guda, makaranta ko ofis ma haka. Alamun da suka fi nuna maguɗi su ne takardu ɗaruruwa masu waƙoƙi iri ɗaya a jere iri ɗaya, lambobin waya masu bin juna kamar an saye su a kwali ɗaya, da ƙuri'un da ke shigowa a tazara ɗaya, kowane daƙiƙa biyar, cikin tsakar dare. A ware su gefe, a duba, a rubuta adadin da aka soke da dalili. Saƙon da ake cajin kuɗi na musamman a kansa kuma a bar mutum ya turo ko sau nawa, wannan ya tashi daga zaɓe ya koma gwanjo, mai kuɗi ke ɗauka. Na san yana kawo wa tasha kuɗin shiga. In an ga ba za a iya haƙura da shi ba, a faɗa wa mutane gaskiya, a daina kiransa zaɓin masu sauraro.

Kamfe ya fi aringizo wuyar hukunci, domin mutanen na gaske ne, sai dai ba masu sauraronku ba ne. A 2002, lokacin da sashen BBC mai watsa shirye-shirye ga duniya ya cika shekara 70, ya nemi a zaɓi waƙar da duniya ta fi so. Tsohuwar waƙar kishin ƙasa ta Ailan ce ta zo ta ɗaya, ta kishin ƙasar Indiya ta biyo ta, bayan an yi ta gangami a intanet. A Janairun 2015 kuma aka yi gangamin shigar da waƙar Taylor Swift cikin Hottest 100, har wani kamfanin abinci ya shiga ciki da tallarsa, Triple J ta cire waƙar, aka kwana ana gardama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta tun yau cewa mawaƙi yana da 'yancin roƙon masoyansa su zaɓe shi, amma duk wanda ya yi alkawarin kyauta, kati ko tikiti a madadin ƙuri'a, ko wani kamfani ya ɗauki nauyin gangaminsa, an cire waƙar. A faɗi wanda zai yanke hukuncin, mutum uku, kuma kada a sa mai gabatar da shirin kiɗa a cikinsu, shi ne ya fi kowa kusanci da mawaƙa.

Kunnen doki kuma a warware shi da ƙa'ida guda: wadda ta riga kaiwa wannan adadi ita ce gaba. Kwamfuta tana riƙe lokacin shigowar kowace ƙuri'a, ba wahala.

Ranar shirin, a yi lissafin lokaci da agogo, kada a yi da ka. Waƙa ɗari, in kowacce minti uku da rabi ce, minti 350 ke nan, awa 5 da minti 50 na kiɗa zalla. In kowace awa labarai sun ci minti 5, talla 10, surutun mai gabatarwa 5, saura minti 40, shirin ya zama awa 8 da minti 45. In waƙoƙin masu minti biyar ne, ya haura zuwa awa 12 da rabi. Rashin wannan lissafi ne ke sa a yi ta hira da safe, da yamma kuma a riƙa datse waƙoƙin goman farko, waɗanda don su aka zauna. A fara lissafi daga lokacin da ake so ta ɗaya ta fito a komo baya, a rubuta wa mai gabatarwa inda ya kamata ya kai a ƙarshen kowace awa, in za a datse a datse a ƙasa. A tanadi kowace waƙa tun kwana biyu kafin ranar, a saurare ta daga farko har ƙarshe, a samo tsaftatacciyar fitowa ga masu kalmomin da ba sa hawa iska, a daidaita ƙarfin sautinsu, a kuma ajiye kwafi na biyu a wata na'urar. Tsakanin rufe zaɓe da ranar shiri a bar aƙalla mako guda, don tacewa da sake ƙidaya ba aikin dare ɗaya ba ne.

Sirrin sakamako yana fita ta ƙofa biyu. Ta cikin gida, a taƙaita masu sanin goman farko zuwa mutum uku, a riƙa miƙa wa mai gabatarwa jerin goma-goma. Ta waje kuwa, in kun ba masu zaɓe hoton takardarsu don su wallafa, ku sani ana iya tattarawa a yi hasashe. A farkon 2013 wasu a Ostareliya sun tattaro ƙuri'un da masu zaɓe suka wallafa a shafukan sada zumunta, suka faɗi waƙar da za ta ci Hottest 100 kafin ranar, kuma hakan aka yi. Mutanen Holan sun bi wata hanya, suna wallafa jerin gaba ɗaya kafin a fara, da lokacin da kowace waƙa za ta fito, kuma jama'a na saurare har tsakar daren shiga sabuwar shekara. Ku zaɓi ɗaya, ko ɓoyewa sosai ko bayyanawa sosai.

Bayan an gama, a wallafa jimillar takardun da suka shigo, adadin da aka soke, da ƙuri'un da kowace waƙa a cikin ashirin na farko ta samu, da sa hannun wani mai binciken lissafi daga wajen tashar. Lambobin wayar masu zaɓe kuma a goge su bayan wata ɗaya, kada a miƙa su ga sashen talla.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraron tasharku