Digirin Kiɗa da Waƙa: Inda Jami'a Ke Ƙoƙari da Inda Take Gazawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan tambayar da iyaye da ɗalibai ke yawan yi: shin digirin kiɗa yana shirya mutum ya ci abinci da sana'ar?

Ta fannin fasaha, jami'o'i suna ƙoƙari. Ɗalibi yana koyon karanta rubutaccen kiɗa, ana horar da kunnensa har ya ji sauti ya rubuta shi, ya iya tsara muryoyi huɗu su tafi tare ba su yi karo ba, sannan ya ƙware a kan kayan kiɗa guda. Makaɗin da aka miƙa wa takarda a situdiyo ya buga daidai ba tare da ɓata lokaci ba, shi ake sake kira, domin situdiyo da awa ake biyan hayarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen takardu. Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu: na wanda ya tsara baiti da kari, da na sautin da aka naɗa. Kuɗin wanda ya tsara waƙa, idan an sa ta a rediyo ko an rera a dandali, yana biyowa ne ta ƙungiyoyin karɓar haƙƙi irin su ASCAP da BMI a Amurka, PRS a Ingila, ko SACEM da aka kafa a Faransa a 1851. Kuɗin sautin kuwa yawanci ta hannun kamfanin waƙa ko mai rarrabawa yake zuwa. Wanda bai yi rajistar waƙarsa ba, ko ana jin ta dare da rana, kason mai tsara waƙa ba zai same shi ba. Kowane sauti da aka naɗa kuma yana da lambar shaidarsa da ake kira ISRC mai haruffa da lambobi 12, ita kanta waƙar tana da tata lambar shaidar, ISWC. Kuskuren harafi ɗaya a sunan marubuci ya isa ya sa kuɗi ya maƙale ba a san mai shi ba.

Akwai wata takarda mai shafi ɗaya da ya kamata ɗalibi ya saba cikewa tun yana aji ɗaya: takardar rabon kaso. Ana rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a waƙar, kasonsa, ƙungiyar da yake ciki, kowa ya rattaba hannu kafin a watse daga situdiyo. Jimla dole ta cika 100. Idan mutum biyu kowanne ya yi rajista da kashi 60, lissafi ya zama 120, sai a riƙe kuɗin har su sasanta, kuma sasantawa bayan waƙa ta yi kasuwa ba ta da daɗi.

Haka batun kafin alƙalami. Sabbin mawaƙa da yawa suna ɗaukarsa kyauta, alhali daga kasonsu za a cire shi. A misali, in an ba mawaƙi dala 10,000 kuma kasonsa kashi 20 ne, sai waƙoƙinsa sun kawo dala 50,000 kafin ya sake ganin sisi. Wasu yarjejeniyoyin ma suna ba kamfani kaso daga wasannin dandali da tallace-tallace. A ganina, jami'ar da ta yaye ɗalibi bai taɓa zama ya karanta kwantiragi layi-layi tare da lauya ba, ta ba shi rabin karatu ne.

A ɓangaren na'ura, sanin manhajar naɗa sauti da haɗa shi irin su Pro Tools, Logic ko Ableton Live bai isa ba, sai an iya miƙa aiki yadda ake so. Faifan CD yana kan 44.1 kHz (ma'aunin yawan ɗaukar sauti a daƙiƙa guda), aikin fim galibi 48 kHz. In na'ura ta karanta ɗaya a matsayin ɗayan, murya ta sauya, sauti ya daina tafiya tare da hoto. Dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify kuma yana daidaita ƙarar waƙoƙi wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), don haka wanda ya matse sautinsa don ya fi na kowa ƙara, za a rage masa, ya tashi da waƙa marar armashi.

Wasu makarantu sun gane wannan tuntuni. Kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka, wadda aka kafa a 1945, tana koyar da kasuwancin waƙa da haɗa sauti a matsayin fannoni masu zaman kansu. Kwas ɗin Tonmeister (kiɗa da naɗar sauti) na Jami'ar Surrey a Ingila yana tura ɗalibai shekara guda su yi aikin sanin makama a masana'antar.

Saboda haka mai neman gurbi ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin makaranta: awa nawa ɗalibi ke samu a situdiyo a mako, shi kaɗai ba cikin cunkoso ba? Malaman suna aiki a masana'antar har yanzu? Aikin kammalawa waƙa ce da za a fitar a yi mata rajista, ko rubutu ne da za a ajiye a laburare? Ya kuma nemi sanin ko ana koyar da lissafin kuɗi da haraji, domin masu wannan digiri da dama ba albashi ɗaya suke karɓa ba: suna haɗa koyarwa, buga wa wasu kiɗa, kula da sauti a wuraren taro da yi wa fim kiɗa, kowanne da nasa tsarin biya.

Na gode.

Naka,
Mai karatu