Wasiƙa zuwa ga Dogo: an sa hotonka a shari'ar Auta

Tudun Wada, Kaduna.

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya Malesiya, ya karatu, ya madam da yara? Shirun nan ya yi yawa, kuma kada ka ce mini bincike ne ya sha maka kai, don ina ganin ka a kan layi har tsakar dare kana yi wa 'yan Arsenal tsiya. Da ma tambaya ce da ni kan filinka na Rigachikun, mutumin nan ya sake zuwa. Amma dakata tukuna, akwai abin da ya fi wannan zafi, kuma da kai a ciki dumu-dumu.

An yi bikin 'yar Baffa, wadda ka tsaya ruwan ido har wani ya riga ka. An ɗaura aure lafiya a masallacin Sultan Bello, an ci an sha. Ranar dina ce Auta ya ɗebo mana ruwan dafa kanmu. Ka san tun da ya buɗe ɗan shagonsa a Unguwar Rimi ya hana a kira shi tela, wai shi dizaina ne. To sai ga shi ya shigo cikin rigar leshi ruwan hoda, mai huji-hujin nan da kana hango singiletinsa, da wani wando mai faɗin ƙafa wanda in ya tsaya cak sai ka rantse siket ne. Ya yafa ƙyalle a kafaɗa yana jan ƙasa, 'yar jaka rataye a ƙirji, ido ya sha kwalli, kai ba hula. Abokansa suka ɗauki ihu da tafi, wayoyi suka tashi sama. Kafin asuba bidiyon ya baro TikTok ya faɗo zauren WhatsApp na dangi, wanda shekara da shekaru ba a tura komai a cikinsa sai barka da Juma'a da sanarwar rasuwa.

Washegari bayan la'asar Baffa ya tara mu a zaurensa. Bai ko amsa gaisuwa da kyau ba ya jawo hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari, cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Ya ce daga haka ake farawa, yau leshi, gobe ɗan kunne, jibi sai a wayi gari muna da Bobrisky, mai shigar matan nan, a zuri'a. Wallahi ban san Baffa ya san sunan ba, mutumin da har yau jikansa ne ke buɗe masa saƙo.

Auta yana durƙushe, kai a ƙasa, na ɗauka haƙuri zai ba da a tashi. Sai kawai ya zaro waya ya miƙa: "Baffa, ga Yaya Dogo nan ranar ƙaramar Sallah." Kai ne, malam. Kai ne tsaye a ƙofar masallaci cikin rigarsu ta can, ruwan hoda sak irin ta Auta, ka ɗaura wani zane mai ƙyalli daga ƙugu zuwa gwiwa, kana washe baki tsakanin wasu dattawa masu irin shigar. Baffa ya sa tabarau, ya kawo wayar kusa, ya kai ta nesa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Inna lillahi, shi ma yaron nan ya tafi?" Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Don haka ka sani, a zauren Baffa yanzu sunanka ya fita daga jerin yaran kirki, duk da digirin da kake tarawa.

Abin da ya ba ni mamaki, na shiga zauren ne da tunanin dattawan bakinsu ɗaya. Ashe kowa da inda abin ya sosa masa.

Kawu, misali, ko a jikinsa. Ka san rabin rayuwarsa a masaƙa ya yi ta, can Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa. Cewa ya yi shi bai taɓa ganin inji ya tambayi yadi namiji ne zai sa ko mace ba. Atamfar da suka buga, maza Yarbawa sun ɗinka ta riga da wando, kuma ya ga manyan mutane a Legas cikin babbar rigar leshi ba wanda ya ɗaga ido. Shi abin da ya ƙona masa rai, da ya murza bakin rigar ya gane leshin daga waje aka shigo da shi. Daga nan fa ya kauce: tun 1957 ake saƙa a Kakuri, lokacin tashi daga aiki kekuna sai sun toshe hanya, yau ciyawa ta cinye wurin, yaranmu ko tsumman goge takalmi sai an kawo musu daga Sin. Da ƙyar aka dawo da shi kan maganar Auta, kuma ko da ya dawo ya manta ɓangaren da yake.

Gwaggo kuwa ta labule take jefo nata. Ta ce a bar zancen kwalli, mahaifinsu har ya koma ga Allah bai taɓa fita Juma'a ba tozali a idonsa ba. Ta ce a zamaninsu ango ma lalle ake sa masa, yara maza da zanko da tukku suke yawo, samarin Fulani kuma su shigo gari ranar kasuwa da kitso da ado fiye da na 'yan mata, a zabga musu bulalar sharo ko gezau, wa ya isa ya kira su mata? Ita abu biyu ne ba ta yafe ba: rigar da ake ganin jiki, da shiga taron surukai ba hula. Sannan ta aiko yarinya da wani tsohon hoto a cikin ambulan, ta ce a miƙa wa Baffa.

Dogo, da ma kana nan. Baffa ne a 1977, lokacin hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da aka yi a nan Kaduna. Suma tuli guda, riga tsukakkiya mai furanni an ɓalle maɓallai har ciki, wando ya matse cinya ya buɗe a ƙasa yana share titi, takalmi mai tudun da ya ƙara masa tsawo. Gwaggo ta ce tun kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikata na 1974, samarin gari suka haukace da wannan shiga, shi ma da ya fara ɗaukar albashi bai tsaya ba. Na ce yau Baffa ya kwanta. Ina! Ya kalli hoton ya ajiye, ya ce wannan kayan maza ne na wasu mutane, shi kwaikwayon maza ya yi, bai je layin 'yan leshi ya tsaya cikin mata yana taya yadi ba. Ya ƙara da cewa mahaifinsu ya sa an riƙe shi wanzami ya kwashe sumar tas, kuma yau da ya tsufa ya san tsohon ne da gaskiya. Ka ga hoton da aka kawo don a kashe bakinsa, shi ya mayar hujja.

Af, ka tuna Baba Soja, maƙwabcinmu da ya koma Sabon Tasha bayan rikicin 2000? Ya zo bikin, ya tsufa amma tafiyar nan tana nan. Da labari ya kai masa sai ya kira Baffa a waya yana ba shi goyon baya, har da karanto masa Maimaitawar Shari'a 22:5, inda aka hana mace sa kayan maza da namiji sa kayan mata. Ashe shi ma jikansa ya huda kunne ana ta fama a coci. Ka ji, dattawan wannan ƙetaren kogi da na wancan, abin da 'yan siyasa suka kasa haɗawa, wandon samari ya haɗa.

Ni dai raina bai kwanta ba, sai na bi Malam Liman bayan isha'i. Shi ya fi kowa yi mini bayani a natse. Ya ce akwai abin da ba ya canzawa ko'ina ka je: zinare da alharini haramun ne ga namiji, al'aura kuma dole a rufe ta. Amma launi da yanka, da wane ne na maza wane ne na mata, wannan al'adar gari ke faɗa. Zanen da dattijo ke ɗaurawa ya tafi masallaci a Malesiya ko Yaman kayan maza ne a can, alhaji ma da mayafi biyu yake harami. A Tudun Wada kuwa kowa ya san wa ke sa leshi ruwan hoda. Wato kai ka kuɓuta, hujjar Auta ce ba ta da bizar shigowa. Sai dai ya ja kunnena da wani abu: a yi wa yaro faɗa kan riga, amma kada a jefe shi da sunan da bai yi aikinsa ba, don wannan alhakinsa ya fi na rigar nauyi.

To nan ne damuwata take, kuma ita ta sa na zauna rubuta maka. An riga an jefa. Wata daga dangin ango ta ce "ɗan daudu" a wurin dinar, a kunnen Mama. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Kuma ka san mutanen da ke neman ƙanwarmu suna kan bincike, irin binciken nan da ake tambayar mai shago da mai wanki. Nan ba Kano ba ce da Hisba ke tare samari ta yi musu aski, amma bakin unguwa ya fi almakashi kaifi. Abin haushin, masu faɗar nan su ne in biki ya tashi suke aika a kira 'yan daudu su dafa musu abincin taro, su biya, su yaba hannu. Ni shigar ba ta burge ni ba, ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba, na kuma gaya masa. Amma na san yaron nan. Sahun farko yake sallar asuba, shi ke sayen maganin hawan jinin Mama, yara uku ke koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ga sa'o'insa can bakin layi suna shan abin da suke sha cikin kaftani da hula zanna, ba wanda ya tara musu zaure. Ina tsoron a yi ta matsa masa har ya tattara ya koma Legas, inda ba mai ce masa ya sa hula, ba kuma mai tashinsa asuba.

Na ma kai rigar wurin tsohon maigidansa na Kasuwar Barci, wanda tun da aka rushe kasuwar zamanin El-Rufa'i ya koma ɗinki a zauren gida. Ko kallon launin bai yi ba. Juya ta ya yi ciki waje, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce hannun yaron ya faɗa, sai dai wuyan ya so ya karkace. Na ce Baba, zancen kama da mata fa? Ya ce shi a kan keken nan ya ɗinka buje da ya fi wannan cin yadi, ya ɗinka mai share titi, ya ɗinka fensir, kuma da Izala ta bayyana a 1978 samari suka fara ɗage wando sama da idon sawu, dattawan lokacin har cewa suka yi an zo da sabon abu. Kowane da zaginsa ya zo. Amma ya ce in gaya wa Auta tela ba ya gwada sabon yanka a bikin dangi, a jikin mai biya ake gwadawa.

Yanzu dai an tsaya a kan cewa ya ɗinka wa masu sayensa na Abuja da Legas abin da suke so, shi kuma a unguwa da taron dangi kaftani da hula. Ya amsa da baki, fuska a murtuke. Wai tun da bidiyon ya yawata oda ta yi masa yawa, har wani mawaƙi ya turo a yi masa irinta, yana aikawa ta jirgin ƙasa daga Rigasa. Kawu kuma, bayan duk jawabinsa, ya lallaɓa ya kai masa shadda a yi masa kaftani kyauta, ladan kare shi da ya ce ya yi.

Don Allah ka kira Auta, yana jin maganarka fiye da tawa. Kada ka yi masa wa'azi, ya ƙoshi. Ka dai nuna masa Mama ce ke biyan kuɗin wannan ado. Sannan ka daure ka kira Baffa ka wanke kanka, ya ce in ka tashi dawowa ka taho da zanen ya gani da idonsa.

Mai Shayi ya ƙara aure, ta uku, kuma har yau bai biya ni kuɗin janaretan ba. Gadar Kawo ta rage cunkoso, amma 'yan Keke Napep sun gano sabuwar hanyar toshe ƙasanta. Mangwaro ya fara shigowa, ba zan aiko maka ba. Mama tana gaishe ka, ta ce a hoton ka yi ƙiba, wai ko shinkafar kwakwar ce. Ka gaida madam, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Abokinka na Tudun Wada